Waiwaye Adon Tafiya: John Bunyan Da Kokawarsa Da Shakka

Idan ana lissafin littattafan Turanci da suka fi yawo a duniya, da wuya a tsallake The Pilgrim's Progress, wato labarin tafiyar wani matafiyi daga wannan duniya zuwa ta gobe, wanda aka fara bugawa a Landan cikin watan Fabrairu na 1678. An fassara shi zuwa harsuna fiye da 200, kuma wata masaniya 'yar Afirka ta Kudu, Isabel Hofmeyr, ta nuna a bincikenta na 2004 cewa kimanin 80 daga cikinsu harsunan Afirka ne. Tun a 1866 wani ɗan mishan mai suna David Hinderer ya mayar da shi Yarabanci, har manazarta suna ganin inuwarsa a cikin labaran dodanni na D. O. Fagunwa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wanda ya rubuta wannan littafi mai gyaran tukwane ne da bai yi zurfin karatu ba, a gidan yari ya tsara shi, kuma kayan da ya gina labarin da su daga cikin wata cuta ya ɗebo su, wadda ta kusa haukata shi tun yana matashi. Cutar ita ce shakka: shakkar ko akwai Allah, shakkar ko littafin da yake karantawa gaskiya ne, sannan wadda ta fi su ciwo, shakkar ko Allah zai karɓe shi. A nan za mu bi sawun wannan cuta a rayuwarsa, mu ga yadda ta shiga tawadarsa.

Ɗan Mai Gyaran Tukwane

An haifi John Bunyan a watan Nuwamba na 1628 a gefen ƙauyen Elstow, kusa da garin Bedford a Ingila. Mahaifinsa, Thomas, liƙe tukwanen ƙarfe da butoci yake yi, sana'ar da ake rainawa ƙwarai a wancan zamani, domin ana yi wa masu yin ta kallon 'yan yawon gararamba. Yaron ya koyi karatu da rubutu daidai gwargwado, ya gaji sana'ar uba. A 1644, yana ɗan shekara 15, mahaifiyarsa ta rasu, ƙanwarsa ta bi ta bayan wata guda, uban kuma ya sake aure ba tare da ɓata lokaci ba. Ƙasar na cikin yaƙin basasa tun 1642, tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa, sai John ya shiga sojan Majalisa a ƙarshen wannan shekara, aka ajiye shi a barikin Newport Pagnell har zuwa 1647. Abu ɗaya ya riƙe daga zaman soja wanda bai taɓa mantawa da shi ba: an zaɓe shi zuwa wata kewayewar gari, wani abokinsa ya nemi ya tafi a madadinsa, yana tsaye yana gadi harsashi ya same shi a ka ya mutu.

Da ya dawo gida ya yi aure. Bai rubuta sunan matar ba ko sau ɗaya, sai dai ya faɗi cewa sun haɗu ba su da ko akushi ko cokali, kuma gadon da ta zo da shi littattafan addini ne guda biyu da mahaifinta ya bar mata, ɗaya na Arthur Dent ɗaya na Lewis Bayly. Tare suke karanta su. 'Yarsu ta fari, Mary, an haife ta a 1650 makauniya.

Shekarun Waswasi

Duk abin da muka sani game da waɗannan shekaru daga bakinsa muka ji, a cikin littafinsa na 1666 mai suna Grace Abounding to the Chief of Sinners, wato alherin Allah da ya yalwata ga shugaban masu zunubi. Mai karatu na yau zai yi mamakin laifuffukan da ya sa ya kira kansa da wannan suna. Ashar ce, da rantsuwa, da rawa, da wasa ran Lahadi, da kaɗa ƙararrawar majami'a don nishaɗi. Wata Lahadi, bayan ya ji wa'azi a kan keta alfarmar ranar, yana filin ƙauye yana wani wasa da ake buga guntun itace da sanda, ya ɗaga hannu zai yi bugu na biyu, sai ya ji kamar murya ta faɗo masa a zuciya tana tambayarsa ko zai bar zunubi ya tsira ko zai riƙe shi ya hallaka. Ya tsaya cak a gaban abokansa. Hukuncin da ya yanke nan take shi ne wai lokaci ya riga ya ƙure masa, tun da kuwa wuta zai shiga, gara ya shige ta da laifi mai yawa. Ya koma wasansa.

Ƙararrawar ma haka. Ya daina kaɗawa, amma ya kasa daina zuwa kallo. Yana tsaye a hasumiyar sai ya ji tsoron kada ƙararrawar ta tsinke ta faɗo masa, ya koma ƙarƙashin wata babbar azara. Can ya ce ai za ta iya bugun bango ta dawo kansa, ya koma bakin ƙofa. Can kuma ya ce ai hasumiyar kanta tana iya rushewa, sai ya ruga a guje. Wanda ya taɓa zama da mai ciwon waswasi ya san wannan hoto.

Wata rana sana'a ta kai shi cikin Bedford, ya iske wasu mata matalauta uku ko huɗu zaune a bakin ƙofa suna shan hantsi, suna hira a kan sabuwar haihuwa da yadda Allah ya ziyarci zukatansu. A lokacin yana ganin kansa mutumin kirki, domin ya shekara bai yi ashar ba, maƙwabta suna yaba masa. Amma da ya saurare su sai ya gane cewa suna magana a kan abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba, kuma da farin ciki suke yi. Daga nan ya duƙufa a kan Littafi Mai Tsarki, musamman wasiƙun Bulus, daga nan ne kuma tambayoyi suka taso masa kamar an tone gidan rina.

Tambaya ta farko ita ce, shin yana da bangaskiya? Ta yaya zai sani? A kan hanyar Elstow zuwa Bedford zuciya ta ce masa ya gwada: ya umarci ruwan da ya kwanta a sawun dawakai ya bushe, busasshen wuri kuma ya zama kududdufi. Har ya buɗe baki, sai ya ce bari ya shiga bayan shinge ya yi addu'a tukuna. Da ya gama sai ya tuna cewa in ya yi umarnin abin bai faru ba, to ya tabbata ɓatacce ke nan. Ya fasa. Tsoron amsar ya fi ƙarfin son sanin ta.

Tambaya ta biyu ta fito ne daga aƙidar da ta yi ƙarfi a tsakanin masu tsananta addini na Ingila a lokacin, koyarwar John Calvin, cewa tun fil azal Allah ya riga ya zaɓi waɗanda zai cece su. In haka ne, ina amfanin wahalarsa idan ba ya cikin zaɓaɓɓu? Yana cikin wannan sai wata jimla ta faɗo masa, mai kiran mutum ya dubi mutanen da suka gabata ya gani ko akwai wanda ya dogara ga Allah ya ji kunya. Ta sanyaya masa rai, ya koma gida ya buɗe littafi don ya ga inda take. Babu. Ya tambayi wannan ya tambayi wancan, ba wanda ya san wurinta. Ya fi shekara yana nema, daga ƙarshe ya same ta a sura ta 2 aya ta 10 ta littafin Sirak, ɗaya daga cikin littattafan da ɗarikarsa ba ta lissafa su cikin hurarrun littattafai. Abin ya ɗan karya masa gwiwa, amma ya ce tun da ma'anarta ta dace da alkawuran da ke cikin sauran littafin, zai ci gaba da riƙe ta. Ina son wannan labari saboda yana nuna irin mai karatun da Bunyan yake: ba ya sakin jimla sai ya san asalinta, ko da kuwa sanin zai rage masa daɗinta.

Matan nan suka kai shi wurin limaminsu, John Gifford, wanda shi ma ya sha gwagwarmaya. Tsohon manjo ne a sojan sarki, an kama shi a Maidstone a 1648 za a rataye shi, 'yar uwarsa ta taimaka masa ya gudu, ya ɓuya a Bedford yana aikin magani da caca kafin ya tuba. Zama da Gifford ya taimaka, har wata rana Bunyan ya fito daga wani wa'azi cike da murna yana jin kamar ya tsaya ya ba hankakin da ke gonar gefen hanya labarin ƙaunar Allah. Ya yi zaton ko bayan shekara 40 ba zai manta ba. Kafin kwana 40 ya fara shakkar komai.

Wannan karon abin ya kai har gindi. Maganganun saɓo suka riƙa kwararo masa a ka. Akwai Allah kuwa? Littafin nan ba tatsuniya ba ce da wasu masu wayo suka shirya? Kowace al'umma tana ganin addininta ne daidai, to mene ne tabbacin cewa 'yan wani ɗan lungu na duniya su kaɗai suka dace? Wani lokaci yakan ji kalmar saɓo tana neman kuɓuce masa, sai ya danne haɓarsa da hannu don kada baki ya buɗe. Ya yi sha'awar a ce shi kare ne ko kwaɗo, domin su ba su da ran da za a hukunta. Ya kusa shekara a haka. Abin da ya fi taimaka masa a wannan mataki wani tsohon littafi ne da ya faɗo hannunsa, ya tsufa har yana neman wargajewa in an juya shafi, wato sharhin Martin Luther a kan wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa. Ya karanta ya ga halinsa tsaf a ciki, kamar daga zuciyarsa aka kwafo. Mutumin da ya mutu tun 1546 a Jamus ya riga shi shiga wannan rami, ya kuma fito ya rubuta. Ban tsammanin Bunyan zai rubuta nasa littafin ba don ya ɗanɗani abin da littafin wani ya yi masa ba.

Sai kuma guguwa ta uku, wadda ta fi duka. Wani tunani ya manne masa cewa ya sayar da Almasihu, ya musanya shi da abin duniya. Ko abinci zai ci, ko itace zai sara, ko allura zai ɗauka a ƙasa, sai ya ji ana nanata masa kalmar sayarwa, shi kuma yana mayar da martani da a'a, har yana ture iska da hannu da gwiwar hannu. Shekara guda cur. Wata safiya yana kwance a gado, ya gaji tilis, sai ya ji tunani ya gilma masa cewa in Almasihun zai tafi ya tafi. Shi ke nan. Ya tashi ya fita gona kamar tsuntsun da aka harbo daga kan itace. Ya tabbata ya aikata zunubin da ba a gafartawa, ya zama Isuwa, wanda ya sayar wa ɗan uwansa Yakubu matsayinsa na ɗan fari saboda ƙwaryar abinci, wanda kuma sura ta 12 ta wasiƙar Ibraniyawa ta ce ya nemi albarkar da hawaye daga baya bai samu ba. Shekara biyu wannan aya tana bin sa. Ya riƙa auna laifinsa da na Dauda, da na Bitrus, kullum nasa ne yake rinjaya. Ya kai kukansa wurin wani dattijo a cikin masu bi, ya ce yana tsoron ya yi wa Ruhu Mai Tsarki saɓo. Dattijon ya ce shi ma haka yake gani. Bunyan ya rubuta daga baya, ba tare da ɗaci ba, cewa mutumin kirki ne, sai dai bai taɓa yin dambe da Shaiɗan sosai ba.

Yadda ya fita daga wannan hali ba ya da armashin labari, kuma shi bai ƙara masa gishiri ba. Ayoyi ne suka riƙa faɗa da juna a kansa. Ta Isuwa tana gefe guda. A ɗaya gefen akwai ta sura ta 12 a wasiƙa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, mai maganar isar alherin Allah, da ta sura ta 6 aya ta 37 a bisharar Yohanna, mai cewa ba za a kori wanda ya zo ba. Yakan sami sauƙi na awa biyu ko kwana ɗaya, sai abin ya dawo, wani lokaci sau ashirin a yini. A hankali ya yi ƙarfin halin zama ya karanta ayoyin da suke firgita shi, ya dube su a tsanake, ya ga ashe suna magana ne a kan wanda ya yi ridda da gangan a bainar jama'a, ba wanda tunani ya gilma wa yana ƙin sa ba. Daga baya, yana tafiya a wata gona, ya fahimci abin da Luther ya daɗe yana faɗa masa, cewa a aƙidarsu adalcin da zai tsaya da shi gaban Allah yana wurin Almasihu, don haka kyawun yanayin zuciyarsa ba ya ƙara shi, muninsa kuma ba ya rage shi. Mutumin da ya yi shekaru yana auna zuciyarsa safe da yamma kamar mai ɗanɗana miya, ya sami dalilin daina aunawa.

William James, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya kawo Bunyan a littafinsa na 1902 a matsayin misalin rai mara lafiya, kuma likitocin ƙwaƙwalwa na yau da dama suna ganin alamun ciwon waswasi a cikin labarinsa. Ina jin suna da gaskiya. Amma sunan ciwon bai bayyana abin da mara lafiyar ya yi da shi ba.

Gidan Yari

Ya shiga ikilisiyar Gifford, ya koma Bedford da zama a 1655, ya fara wa'azi, ya fitar da littafinsa na farko a 1656. Ya ce sau da yawa da nauyin laifi da rawar jiki yake isa bakin mumbari, sai ya fara magana abin ya sake shi, yana saukowa ya dawo. Matarsa ta rasu a 1658 ta bar masa 'ya'ya huɗu, ya auri wata yarinya mai suna Elizabeth a 1659. A watan Mayu na 1660 aka maido da sarauta, Charles na Biyu ya hau, cocin gwamnati ya karɓe ikonsa, wa'azin wanda ba a naɗa ba ya zama laifi. Ranar 12 ga Nuwamba 1660 aka kama Bunyan a wani gidan gona a Lower Samsell. An gaya masa tun kafin taron cewa akwai takardar kama shi, ya fita ya zaga fili yana tunani, ya ga in ya gudu zai karya zukatan waɗanda ya yi ta ƙarfafawa, ya dawo ya buɗe taron.

A Janairu 1661 aka gurfanar da shi gaban Sir John Kelynge da wasu alƙalai, ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1593. Hukuncin wata uku ne, in bai daina ba a kore shi daga ƙasar, in ya dawo ba izini a rataye shi. Abin da ake nema a wurinsa alkawari ne kawai cewa ba zai ƙara tara jama'a ba. Ya ce in an sake shi yau, gobe zai yi wa'azi. Wata ukun nan suka zama shekara 12. Elizabeth tana da ciki lokacin da aka kama shi, firgita ta sa ta naƙuda, ɗan bai rayu ba. Duk da haka ta je har Landan da takardar koke, sannan a Agusta 1661 ta tsaya gaban manyan alƙalai a Bedford, ciki har da Sir Matthew Hale, ta faɗa musu a fuska cewa don mijinta mai gyaran tukwane ne kuma talaka shi ya sa aka hana shi adalci. Hale ya tausaya mata, amma bai sake shi ba.

A kurkuku yana saƙa igiyoyin ɗaure takalma da riga ana sayarwa don iyalinsa su ci. Ya ce rabuwa da su kamar ana zare masa nama daga ƙashi ne, musamman makauniyar 'yarsa, wadda yake hango ta tana bara, ana dukanta, tana kwana da yunwa da sanyi. Ya ga kansa kamar mai rushe gidansa a kan matarsa da 'ya'yansa da hannunsa. To a nan ne tsohuwar cutar ta dawo da sabuwar fuska. Bai san doka sosai ba, ya ɗauka rataya ce ƙarshensa. Makonni yana ganin kansa a kan tsani da igiya a wuya, yana jin kunyar kada gwiwoyinsa su yi rawa a gaban jama'a maƙiya su yi wa addininsa dariya. Mafi muni, duk wata natsuwa da ya taɓa samu ta ɓace, ba shi da wata shaida a zuciya cewa in ya mutu zai tsira.

Shawarar da ya yanke a wannan hali ita ce, a ganina, ƙololuwar tarihinsa. Ya ce wa kansa Allah yana da zaɓi, ya ba shi natsuwa yanzu, ko a lokacin mutuwa, ko ya hana shi, amma shi ba shi da zaɓin barin abin da ya yi imani gaskiya ne. Saboda haka zai yi tsalle daga tsanin ido rufe, ko a tare shi ko kada a tare shi. Ya tuna zargin da Shaiɗan ya yi wa Ayuba, cewa ba a banza yake bauta wa Allah ba, sai ya ji daɗin cewa ga dama ta samu ya yi bauta ba tare da an biya shi da komai a hannu ba. Bayan ya yanke wannan shawara ne natsuwar ta zo. Saurayin da ya so ya busar da kududdufi don ya sami hujja kafin ya dogara, yanzu ya dogara babu hujjar. Shekara wajen goma ke tsakanin wuraren biyu.

Kada mai karatu ya ɗauka shakkar ta mutu daga nan. A shafukan ƙarshe na littafin na 1666, mutumin da ya riga ya yi shekara shida a ɗaure saboda imaninsa ya rubuta cewa har yanzu mafi munin jarabar da ke zuwar masa ita ce ta shakkar samuwar Allah da gaskiyar bishara, kuma wani lokaci Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya yakan bushe masa kamar ƙirare. Ya lissafa munanan abubuwa bakwai da yake samu a zuciyarsa, na farkonsu karkata zuwa rashin bangaskiya. A gabatarwar littafin kuma ya faɗi abin da ya shafe mu kai tsaye: ya iya ƙawata salonsa fiye da haka, amma bai yi ƙarfin halin yi ba, domin Allah bai yi wasa da shi ba lokacin da yake gwada shi, don haka shi ma ba zai yi wasa wajen ba da labarin ba.

Gidan Kokwanto

Ikilisiyar Bedford ta zaɓe shi limaminta a Janairu 1672 yana tsare, sarki ya sassauta dokar a watan Maris, aka sake shi a wannan shekara. An sake kulle shi na wasu watanni wajen 1676 zuwa 1677. Da ya nuna wa abokansa rubutun matafiyin, wasu suka ce ya buga, wasu suka ce kul, ai ƙagaggen labari bai dace da mai wa'azi ba. Ya buga. Nathaniel Ponder ya fitar da shi a kan sule ɗaya da sisi, kuma kafin marubucin ya rasu an yi bugu 11.

Duba yadda ya sarrafa ciwonsa. Tun farkon tafiya, jarumin labarin, Kirista, da kaya a bayansa, ya faɗa wani taɓo mai suna Karayar Zuciya, wanda aka ce an fi shekara 1,600 ana zuba masa amalanken nasiha yana haɗiyewa, ga kuma matakala a tsakiyarsa da mutane ba sa gani saboda ruɗewa. A wani kwari mai duhu, wani mugun ruhu ya laɓaɓo ta bayansa yana raɗa masa saɓo a kunne, shi kuwa ya ɗauka daga zuciyarsa suke fitowa. Wannan shekarun Elstow ne aka taƙaita a sakin layi guda. Amma wurin da ya fi zama a ran masu karatu shi ne Gidan Kokwanto. Hanya ta yi tsakuwa, ƙafafu sun yi ciwo, Kirista ya ga wata makiyaya mai laushi a gefe, ya lallashi abokin tafiyarsa, Mai-Sa-Rai, suka tsallaka shinge. Dare ya yi, ruwa ya sauko, suka ɓata, suka kwana a gonar wani ƙato mai suna Yanke-Ƙauna. Ya kama su ya jefa a kurkukun ƙasa daga safiyar Laraba zuwa daren Asabar, ba ci ba sha ba haske. Ya yi musu dukan kawo wuƙa, ya nuna musu ƙasusuwan waɗanda ya kashe, ya ba su shawarar su kashe kansu da wuƙa ko igiya ko guba. Matarsa, Rashin-Yarda, wadda Bunyan ya ƙara ta a bugu na biyu, ita ke kitsa masa dabarun gobe in sun kwanta da dare, wata hira ta miji da mata mai ban dariya a tsakiyar abin tsoro. Ƙaton kuma yana da lalura, in rana ta fito da haske sai farfaɗiya ta kama shi, hannuwansa su mutu.

Kirista, babba a tafiyar, shi ne ya fara karkata ga kashe kansa, ƙaramin ne ya riƙa tausarsa. Tsakar daren Asabar suka fara addu'a har kusan asuba, sai Kirista ya zabura yana zagin wautarsa, domin tun shigowarsu akwai mabuɗi a ƙirjinsa mai suna Alkawari wanda zai buɗe kowace ƙofa a gidan. Ba a aiko mala'ika ba, ba a kuma kawo wani sabon abu daga waje ba. Marubucin ma bai sauƙaƙa musu ba, domin kwaɗon ƙofar ƙarfe ta ƙarshe ya yi tauri ƙwarai kafin ya buɗe, ƙarar ƙofar kuma ta tashi ƙaton. Kuma a ƙarshen littafin, a kogin mutuwa, ana hango ƙofar birnin, wannan Kirista da ya ci dukan yaƙoƙinsa ya fara nutsewa, tsoro ya rufe shi, ya ce ba za a karɓe shi ba, sai da Mai-Sa-Rai ya riƙe masa kai sama da ruwa yana gaya masa cewa shi ƙafarsa tana taɓa ƙasa. Marubuci mai neman yabo da ya bar jaruminsa ya haye da kirari.

A kashi na biyu, na 1684, wanda matar Kirista da 'ya'yansa suka bi sawunsa, Bunyan ya tsufa, ya yi shekaru yana sauraron masu irin ciwonsa, sai alƙalaminsa ya yi laushi. Labarin ya cika da raunana: Malam Fargaba, wanda ya fi wata yana kuka a bakin taɓon nan amma ya ƙi komawa gida, da wani gurgu mai sanduna, da wani mai raunin zuciya. Jagoransu ya kashe Yanke-Ƙauna, suka kwana bakwai suna rushe gidansa, suka fito da wani Malam Karaya da 'yarsa Matsoraciya da sauran numfashi, aka yi kiɗa, gurgun ya kama hannun yarinyar suka taka rawa a kan hanya da sanda ɗaya. Amma da Malam Karaya ya zo bakin kogi, wasiyyarsa ita ce kada kowa ya gaji tsoronsa, domin fatalwa ne da suka buɗe wa ƙofa tun farkon tafiya suka kasa korarsu, kuma bayan mutuwarsu za su yi ta yawo suna neman masauki. An rushe gidan ƙaton, tsoron ya raka su har bakin ruwa, suka kuma haye.

A Disamba 1685, da tsanani ya sake tashi a zamanin Sarki James na Biyu, Bunyan ya rubuta takardar mallaka wa Elizabeth duk abin da yake da shi don kada a ƙwace in an sake kama shi, ya ɓoye ta a cikin gidan, ya ɓoye ta da kyau har ba a gan ta ba sai a ƙarni na 19. A Agusta 1688 ya hau doki zuwa Reading don ya sasanta wani uba da ɗansa, ya yi nasara, a hanyarsa ta zuwa Landan ruwan sama ya yi masa dukan tsiya. Ya yi wa'azi ranar 19 ga wata, zazzaɓi ya kwantar da shi a gidan abokinsa John Strudwick, mai kantin kayan masarufi, ya rasu ranar 31 ga Agusta yana da shekara 59. An binne shi a maƙabartar Bunhill Fields, inda ake kai waɗanda ba sa bin cocin gwamnati. Dukiyar da ya bari ba ta wuce fam 42 da 'yan sulalla ba. A shekarar da ta biyo, 1689, Majalisa ta zartar da dokar da ta halatta irin taron da aka kama shi saboda shi a Lower Samsell.